Yawon kallon ganyen kaka a tsaunukan Bolu: abin da na biya da abin da na samu

Tun ranar da na ɗora hotunan nan a WhatsApp ban huta ba. A shago a kasuwar Balogun ta Legas tambaya, a gida a Agege tambaya, har wata maƙwabciyata ta rantse fenti na shafa wa bishiyoyin a waya. To ga bayanin gaba ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in samu sararin sayar da kayana.

Wurin sunansa Yedigoller, wato Tafkuna Bakwai da Turkanci, yana cikin tsaunukan lardin Bolu a ƙasar Turkiyya. Kuma ba dabarata ba ce ta kai ni. Wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Ikeja, wanda ya saba yi mana tikiti da masauki in za mu sarin kaya Istanbul, shi ya tallata mana yawon yini guda a kan kuɗin tafiyar. Ba zan kama sunansa ba, don har gobe muna gaisawa. Yaron ofishin ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya ce, "Hajiya, ƙarshen Oktoba za ku tafi, daidai lokacin ganye ke nan. Kusa ne da Istanbul, kamar a ce Badagry." Ku riƙe wannan magana ta Badagry, za mu dawo kanta.

Kuɗin bai fi na abaya biyu masu kyau a Laleli, unguwar sarin kaya ta Istanbul, ba, kuma a takarda an rubuta mota, da karin kumallo, da kuɗin shiga, da ɗan jagora mai jin Turanci. Na biya mini da yayata, sannan muka ƙara da ɗanta da ke karatu a can, wanda daga baya ya zama shi ne rabin amfanin tafiyar.

Shekara shida ina zuwa Istanbul, amma in an cire filin jirgi, Laleli, ofishin masu kago da masallacin Sultanahmet, ban san komai a ƙasar ba. Haka yawancinmu muke. Awa bakwai a sama daga filin jirgin Murtala Muhammed, kwana biyar ana ciniki da kalkuleta, a ɗaure dila, a dawo. Shi ya sa da muka gama ɗaurin kaya ranar Juma'a na ce wa Yaya wannan karon sai mun ga wani abu da ba yadi ba.

Mota ta ɗauke mu ranar Asabar ana idar da sallar asuba. A nan aka fara saɓa alkawari. Ba motarmu mu kaɗai ba ce, kamfanin Ikeja ya sayar da mu ne ga wani kamfani na can, shi kuma ya zuba mu cikin doguwar bas cike da Turkawa 'yan hutun ƙarshen mako. Mutanen kirki ne, wata dattijuwa ma har ta miƙo mana burodinsu mai zobe da riɗi, wanda suke kira simit. Amma ɗan jagoran da ya ɗauki lasifika bai furta kalmar Turanci ko ɗaya ba sai gaisuwa. Ba don ɗan Yaya ba, da mun yini kamar kurame a gidan biki.

Sai hanya. Mun tsallaka gadar Bosforus zuwa ɓangaren Asiya, muka bi babbar hanyar Ankara ta Izmit, muka wuce gefen tafkin Sapanca, Sakarya, Duzje, sannan muka shige ramin da aka huda cikin dutsen Bolu, mai tsawon kusan kilomita 3, wanda aka buɗe a 2007. Hanyar sumul take, babu rami, babu shingen kowa. Sai dai daga Istanbul zuwa garin Bolu kimanin kilomita 260 ne. Wane Badagry? Wannan ai ya ninka Legas zuwa Ibadan. Kuma Bolu ba ita ce ƙarshe ba, daga garin akwai wasu kilomita 42 zuwa tafkunan, hanya siririya mai hawa da lanƙwasa, kwana bayan kwana kamar an warware zare. Wanda ya san mota na juya masa ciki ya nemi magani tun daga gida. Yaya ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "Ƙanwata, in mun sauka lafiya, ni da dutse sai dai Arfa."

Karin kumallon, a faɗi gaskiya, ba laifi. An tsaya a wani wurin hutawar matafiya a kan dutsen Bolu: cuku, zaitun, zuma, ƙwai, burodi mai zafi, da shayi a 'yan kofunan gilashi masu ƙugu, ana ta ƙarawa ba a ƙirga. Akwai ɗakin sallah na mata daban, mai tsabta. Ruwan alwala kuwa kamar daga firiza aka ɗebo shi.

Saura kamar kilomita biyar mu isa, sai ga gosulo. Wallahi dariya ta kama ni. Na baro gadar Third Mainland, na keto sama da teku, na zo tsakiyar daji a Turkiyya na tarar da ita tana jirana. Ashe makonni biyu ko uku ne kacal ganyen ke kai ƙarshen kyansa, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kuma duk mai mota a Istanbul da Ankara ya san haka, don Bolu tana tsakaninsu ne. Asabar da Lahadi kowa can ya nufa. Kamfanin da ke sayar da wannan yawo ya fi ni sanin wannan, amma bai ce mu zaɓi tsakiyar mako ba. Sama da awa ɗaya muka ɓata muna rarrafe.

To amma a cikin gosulon nan ne ma na fara yin shiru.

Ni sana'ata launi ce. Shekara da shekaru ina bambance ruwan goro da ruwan lemo, ruwan zuma da ruwan ƙasa, in mai saye ta ce shaddar nan ta fi waccan duhu na san ko gaskiya ta faɗa. Amma ban taɓa ganin launi a zube haka ba. Gangaren dutse guda, tun daga ƙasa har inda hazo ya yanke shi, rawaya kamar garin ɗorawa, a cikinsa ga ja irin na lallen da ya kwana ya kama, ga ruwan makuba, ga wani mai haske kamar tagulla da aka goge. A tsakaninsu kuma bishiyoyi masu ganye kamar allura sun tsaya kore shar, ba ruwansu da kaka. Su ne ke fito da sauran, kamar yadda baƙin gyale ke fito da atamfa mai haske. Da duka dajin rawaya ne da ido ya gaji.

Na tambayi ɗan Yaya ko ciwo ne ya kama bishiyoyin. Ya yi dariya ya ce, "Anti, ba ciwo ba ne, shirin sanyi suke yi." Ya ce koren da muke gani a ganye wani sinadari ne da bishiya ke haɗa abincinta da shi daga hasken rana. In yini ya fara gajarta, dare ya yi sanyi, sai bishiyar ta daina yin sa, ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen zuwa jikinta kafin ta zubar da shi. Rawayar dama tana nan tun da, koren ne ya rufe ta. Ja kuma sabo ne, yana fitowa ne in sukari ya taru a ganye, rana na haske da yini, dare na sanyi. Shi ya sa wata shekarar ta fi wata kyau. Masu rawaya da ruwan tagullar nan yawancinsu wata bishiya ce mai santsin jiki da suke kira kayin, sai wata meshe mai ruwan ƙasa.

Sai na tuna ashe mu ma muna da ɗan alamar abin. Bishiyar furut ɗin nan mai faɗin ganye da ke ko'ina a Legas, ai ganyenta ja yake yi kafin ya faɗo, mu dai shara kawai muke gani. A gida Arewa kuma kuka kan tuɓe tsirara da rani, gawo kuwa ya yi nasa a juye, ya zubar da ganye da damina ya yi kore lokacin da kowa ya bushe. Kakarmu ta girbi ce, ta sabon gero da gyaɗa da rake. Tasu kakar har da ta kallo.

Tafkunan kansu ƙanana ne, kada wani ya sa ran ganin Tiga ko Kainji. Zaftarewar ƙasa ce ta toshe kwarin tun zamanin da, ruwa ya taru gida bakwai, wasu a sama wasu a ƙasa, suna zuba cikin juna. Gwamnatinsu ta mai da wurin gandun daji na ƙasa a 1965. Babban cikinsu, Buyukgol, yana kan tsayin mita 780 daga teku, an yi masa dakalin katako da ya shiga cikin ruwa, a nan kowa ke layin ɗaukar hoto. Amare ma na gani har biyu, da fararen riguna cikin wannan sanyi, ango na riƙe da jaket. Ruwan a kwance yake ɗif, dajin duka ya kife a cikinsa, ganye na faɗowa ɗaya-ɗaya yana yawo a kai. Ƙasa kuwa ba a ganin ta, ganye ya shimfiɗe kamar darduma, in ka taka sai ƙaras-ƙaras.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne Nazligol, can sama, inda ruwa ke gangarowa ta kan duwatsu. Mutane sun ragu a wajen saboda hawan. Na samu wani kututture na zauna, ba ƙarar janareta, ba hon ɗin danfo, ba mai kiran "kwastoma". Waya ma ba sabis, abin da da farko ya ɓata mini rai don ina jiran saƙon mai kago, daga baya na gode wa Allah. Ban fi minti goma sha biyar a zaune ba ɗan jagora ya fara busa usur.

Ga lissafin da ya sa na ce tsarin bai yi ba. Mun bar masauki kafin shida na safe, mun dawo sha ɗaya na dare ta wuce. A cikin awa goma sha bakwai ɗin nan, abin da muka yi a bakin tafkunan bai cika awa uku ba. Tafkuna huɗu muka gani cikin bakwai. Akwai wani wurin hange da ake kira Kapankaya, mai tsayin mita 1,380, inda ake ganin kwarin duka daga sama, kuma hotonsa ne ma yaron Ikeja ya nuna mini a kwamfuta. Direba ya wuce shi a guje, wai ba wurin tsayawa, kuma an makara. Abincin rana ba ya cikin kuɗin, ba a kuma faɗa mana ba. Layi muka bi muka sayi wata waina mai faɗi da cuku a ciki, gozleme, da tsadar wurin yawon buɗe ido. Azahar da la'asar sai haɗa su muka yi a hanya.

Sanyin kuma laifin raba-daidai ne. Su ba su gargaɗe mu ba, ni ma ban tambaya ba. Na baro Legas ana ruwa ana zufa, Istanbul kuma suwaita ɗaya ta ishe ni, sai na ɗauka haka ko'ina yake. Ashe dutse daban ne. Ba irin sanyin hunturunmu mai busar da leɓe ba ne, wannan mai laima ne, yana ratsa ƙashi. Na je da takalmi silifa mai ado, ganyen ƙasa kuma a jiƙe, sau biyu ina kusan zama daɓas. Dattijuwar nan mai simit ce ta ciro safa daga jakarta ta ba ni, ba ma jin yaren juna, sai "Allah razi olsun" da yaron ya koya mini na maimaita mata, ta dafa ƙirji tana murmushi.

Da na dawo na je ofishin na faɗa musu duk wannan. Sun ba da haƙuri, sun ce su ma ba su taɓa zuwa ba, hoto aka turo musu. Na yarda, don wanda ya taɓa bin hanyar nan ba zai ce Badagry ba. Ba su mayar da ko kwabo ba, ni ma ban matsa ba.

Masu tambayata ko su saya: wurin, ƙwarai kuwa. Yawon yini guda daga Istanbul ranar Asabar, a'a, ko kyauta ne sai kin yi tunani, balle in da tsohuwa ko ƙananan yara. In kin riga kin kashe kuɗin jirgi daga Legas, ƙara kwana ɗaya ba shi zai karya jari ba. Ki gama sari, ki miƙa kaya ga masu kago, ki hau bas zuwa Bolu ranar Talata ko Laraba, ki kwana a garin. Bolu ma gari ne da ya yi suna da masu girki, musamman 'yan yankin Mengen, ba za ki kwana da yunwa ba. Da sassafe ki ɗauki shatar ƙaramar mota ki riga jama'a isa, ki ce wa direba tun a gari sai ya tsaya a Kapankaya. In hawan dutse mai lanƙwasa ba naki ba ne, akwai tafkin Abant a ɗaya ɓangaren garin, kusan kilomita 35, hanyarsa ta fi sauƙi. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, safa biyu, jaket mai kauri a ƙarƙashin hijabi, da 'yan kuɗinsu na lira a hannu. Kuma kafin ki biya kowane kamfani, ki sa a rubuta miki awa nawa za a yi a wurin, ba awa nawa za a yi a tafiyar ba.

Na tsinto ganye biyar na sa cikin littafin lissafin shago. Kafin mako biyu duk sun koma ruwan ƙasa, sai guda ɗaya da ya riƙe ɗan ja a gefe. Shi nake nuna wa maƙwabciyar tawa mai maganar fenti, har yanzu tana cewa lalle na sa masa. Yaya kuwa ta ce badi in je ni kaɗai, ita a bar ta a Laleli.