Ƙwayar magnesiyam da matsuwar fitsari: sharhi bayan amfani da ita

Wanda fitsari ke matsa wa ba gaira ba dalili ya fi kowa sanin tsawon hanyar Agege zuwa Oshodi. Cunkoson Legas ya riƙe danfo, wato motar haya, mafitsara ta ce yanzu-yanzu, alhali abin da ke cikinta bai cika rabin kofi ba. Alamomin sanannu ne: matsuwa ta farat ɗaya, zagayawa fiye da sau 8 a yini, tashi cikin dare, wani lokaci har da ɗigowa kafin a kai makewayi. Riƙe alwala daga Magariba zuwa Isha ma sai da dabara.

Na yi amfani da nau'i biyu na ƙwayar magnesiyam kan wannan matsala. A ganina tana taimakawa, musamman wajen rage tashin dare, amma sauƙin matsakaici ne, kuma ya fi fitowa ga wanda dama jikinsa ke da ƙarancin sinadarin.

Bangon mafitsara tsoka ne. Kalsiyam ke shiga cikinta ya sa ta matse, magnesiyam kuma ke rage masa hanya. In ya yi ƙaranci, tsoka da jijiya kan zama masu saurin zabura, shi ya sa ƙarancin kan zo da ɗaurewar tsokar ƙafa da daddare da rawar fatar ido. A 1998 an yi wani ƙaramin gwaji a Isra'ila kan mata 40. Sama da rabin waɗanda suka sha magnesiyam sun ce sun ji sauƙi, amma awon mafitsara da na'ura bai nuna wani canji a zo a gani ba. Wanda ya ce maka ƙwayar tana warkarwa kwata-kwata, ciniki yake nema.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne wajen karanta kwalba. Wadda aka rubuta oxide a jikinta ta fi araha, kuma miligiram 400 nata na ɗauke da kusan 240 na ainihin magnesiyam, sai dai hanji ba ya tsotse shi sosai. Ragowar na jawo ruwa cikin hanji, sai zawo ya biyo baya, kuma ni ma haka ta yi min. Mai glycinate ta fi tsada amma ta fi zama lafiya a ciki, ita na tsaya a kai. Mai citrate na tsakani, ta dace da mai taurin bayan gida, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara ya ƙara matsuwar. Babbar lambar gaban kwalba ba abin dogaro ba ce. Juya baya ka duba adadin ainihin sinadarin a kowace ƙwaya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Babba namiji na buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320, har da wanda ke cikin abinci. Na ƙwaya kaɗai kada ya wuce 350 sai da izinin likita. A fara da 100 zuwa 200 bayan abincin dare. Kafin a fara, a rubuta na kwana 3 sau nawa aka zagaya da abin da aka sha, a sake rubutawa bayan mako 4. In babu bambanci, a daina ɓata kuɗi.

Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa ta sai likita ya yarda, domin ƙoda ce ke fitar da rarar, in ta taru tana saukar da bugun zuciya da ƙarfin numfashi. Sannan tana manne wa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin (sipro) da doxycycline a cikin hanji ta hana su aiki, ga shi sipro ɗin ake yawan ba masu ciwon sanyin mafitsara. A sha maganin awa 2 kafin magnesiyam, ko awa 6 bayansa.

Masu shan omeprazole, maganin gyambon ciki, tsawon watanni, da masu shan maganin fitar da ruwa irin su Lasix, da masu ciwon suga da bai daidaita ba, su suka fi shiga ƙarancin. Awon jini ba kullum yake nunawa ba, tunda abin da ke cikin jini bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda ke jiki ba. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, agushi da alayyafo duk suna da shi da yawa.

Goro da shayi da kofi kuwa suna zaburar da mafitsara. Mai cin goro bayan La'asar ya kora da shayi mai kauri da daddare zai sha ƙwayar ne a banza. In akwai zafi wajen fitsari, ko jini, ko yawan ƙishirwa, ko fitsarin dattijo na fita da ƙyar, a fara da asibiti: awon fitsari, awon suga da duba furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.