Obadiraf marar ruwa a asusun ɗalibai na Ingila: ya biya, amma sun ɓata mini rai

Shekara biyun farko da na yi ina wannan dabarar, da an tambaye ni da tauraro biyar zan ba bankin nan ba tare da na yi wani tunani ba. Asusun ɗalibai ne, irin wanda ake ba mutum damar cire kuɗi fiye da abin da yake da shi, wato obadiraf, ba a ɗora masa ko sisin ruwa. Ni fam 2,000 suka ware mini. Da yake ina ɗan aikin ƙarshen mako, kuma kuɗin haya na fitowa ta wani wajen, ban buƙaci kuɗin ba. Sai na kwashe su kusan duka na zuba a asusun ajiya na wani bankin, wanda ake iya cirewa kowane lokaci.

Lokacin ma ya yi mini daidai. Babban Bankin Ingila ya ɗaga ruwansa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 har ya kai 5.25 a watan Agustan 2023, asusun ajiya kuma suka bi sahu, ana samun mai ba da kusan kashi 5. Fam 2,000 kenan na haifar maka da wajen fam 100 a shekara, da kuɗin da ba naka ba. Haraji bai taɓa shi, tunda mai biyan ƙaramin haraji sai ruwan ajiyarsa ya haura fam 1,000 a shekara ake waiwayarsa. Ba wani arziki ba ne, na sani, amma ɗalibi ya san darajar fam ɗari. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, akwai bankunan Musulunci a nan da ke ba da kason riba a kan ajiya, wannan kowa da malaminsa.

Matsalar ta zo ne bayan na gama karatu. Suka mayar da asusun zuwa na waɗanda suka kammala jami'a, abin da na san za a yi. Abin da ban gani ba shi ne ranar da suka rage ɓangaren da ba ruwa daga 2,000 zuwa 1,000. Kuma ga inda abin ya fi ƙona mini rai: iyakar da aka ba ni ba ta canza ba. Ka buɗe manhaja, tana nan tana nuna maka 2,000 kamar jiya, launi ɗaya, rubutu ɗaya. Ashe rabin kuɗin ya koma ƙarƙashin ruwan kashi 39.9 a shekara. Tun da hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, ta hana bankuna cajin kullum-kullum a kan obadiraf a watan Afrilun 2020, yawancin manyansu suka tsaya a wannan adadin kamar sun haɗa baki. A kan fam 1,000, wannan ya kusa fam ɗaya a kowace rana. Kafin sanarwar caji ta iso ni, wata guda ya shuɗe, an rubuta mini wajen fam 28. Ribar fiye da wata uku ta tafi a haka.

Na kira su. Bayan dogon jira da kiɗan nan nasu mai sa ciwon kai, wata mata ta ɗauka, cikin ladabi dai, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce ai sun aiko da takarda. Na ce ina? Ta ce tana cikin manhaja, a ɓangaren takardu. Na shiga na tono ta, can ƙasa tsakanin bayanan asusu na wata-wata, da kanun da bai ce komai ba sai "sauye-sauye ga asusunka". To jama'a, bankin da ke aiko mini saƙon waya idan na sayi shayi, bankin da ke cika mini imel da tallar katin bashi, shi ne ya rasa yadda zai rubuta layi ɗaya ya ce daga gobe za mu fara cajinka? Na ce mata zan shigar da ƙorafi a rubuce. Doka ta ba su mako takwas su amsa, in ba a daidaita ba mutum ya wuce wajen Financial Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su. Ba a kai can ba. Suka mayar mini da rabi, wai don kyautatawa, ba don sun yi laifi ba. Wannan kalmar ta fi cajin ɓata mini rai.

Duk da haka in aka yi lissafi na fita da riba, kuma da yake kuɗin na ajiye ba a taɓa su ba, a ranar na biya ɓangaren mai ruwa na huta. Har na fara cewa a raina to tauraro huɗu, laifi ɗaya ne.

Sai na je neman katin bashi a wani wajen aka ba ni iyaka ƙarama ƙwarai. Na duba rahotona a Experian, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane, na ga abin da masu ba da bashi ke gani: mutumin da ya shekara da shekaru asusunsa na cikin ja, kusan a bakin iyaka. Ajiyar da ke gefe ba ta fitowa a wannan rahoton sam. A idonsu ni mai fama ne da bashi, alhali kuɗin na kwance ba ko kwabo da ya yi ciwon kai. Ranar da ake buɗe mini asusun an daɗe ana yi mini bayanin kyautar da ke biye da shi, wannan kuwa ba wanda ya ɗaga maganarsa, haka ma batun cewa banki na da ikon neman kuɗinsa duk ranar da ya ga dama.

Tauraro uku. Sauran fam 1,000 ɗin ma zan mayar musu kafin ƙarshen wata, tunda ina da niyyar neman bashin gida nan gaba kuma ba na son a sake karanta ni a haka.