Wata goma da injin cire tsakuwa a wurin casar shinkafata

Sana'ata casar shinkafa a Kura. Ina sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoman Kadawa, mata su yi mini gumi, in casa in ɗura a buhu, 'yan sari su wuce da ita Dawanau da kasuwar Singa. Yau wata goma ke nan da na sa injin cire tsakuwa, ƙarami, ƙirar Sin, kuma abokan sana'a sun yawaita tambayata ko ya biya kuɗinsa.

Ba marmari ya sa na saye shi ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, 'yar gwamnati, wato shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a ratso da ita ta Nijar, ta yi wuya. Duk abin da muka casa a lokacin ana ɗauka, da tsakuwarsa da komai, mu kuma muka saki jiki. An buɗe iyakar a Disamba 2020, manyan kamfanonin shinkafa suka ƙaru a Kano, sannan a 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Mai saye ya samu zaɓi. Wata Hajiya mai gidan abinci da ta daɗe tana saye a wurina ta ce mini: "Malam, shinkafarka ta fi 'yar waje daɗi da auki, amma ba zan ajiye yarinya biyu don regaya kawai ba." Daga ranar ban sake ganin ɗan aikenta ba.

Aikin injin ba shi da wani sarƙaƙiya. Shinkafa na zuba a kan wani faranti mai ƙananan huji da aka ɗan karkata, yana girgiza, fanka na huro iska ta ƙasansa. Iskar ta ɗaga ƙwayar shinkafa ta gangara ƙasa, tsakuwa kuwa da yake ta fi nauyi sai ta manne da farantin, girgizar ta riƙa tura ta sama har ta faɗa ta wata kafa daban. Regayar iyayenmu mata ce, sai dai iska ta maye gurbin ruwa. Ranar farko da na ga abin da ya taru a bokiti, jikina ya yi sanyi, don na san shekara da shekaru abin da nake sayar wa mutane ke nan su kai wa iyalinsu.

Wahalarsa tana wurin saita iska. In ta yi yawa, ƙananan tsakuwa su bi shinkafa. In ta yi kaɗan, shinkafa mai kyau ta bi tsakuwa, ka yi ta asara ba ka sani ba. Kuma saitin da ya yi wa irin shinkafar da ake kira Jamila ba shi ne zai yi wa irin Sipi ba, haka wadda ba ta gama bushewa ba. Wanda ya sayar mini ya kafa shi ya tafi, bai koya wa yarana komai ba, takardar bayanin ma ba wanda ya iya karanta ta a cikinmu. Sai da muka shafe kusan mako uku muna gwaji. Hujin farantin na toshewa da dusa, dole a goge shi da buroshi kowace yamma. Bel ya tsinke sau biyu, wannan ana samu a gari, amma da farantin ya tsage sai da na jira aka kawo daga Legas. Wuta kuwa kowa ya san halinta, yawancin aikin da janareto nake yi, kuma kuɗin mai yana cin ribar.

Akwai abin da ba ya iyawa, kada a ruɗe ka. Ba ya cire baƙar ƙwaya, ba ya gyara shinkafar da aka ƙona wurin gumi ko ta yi wari don ta daɗe a jiƙe. Manyan kamfanoni suna da na'urar da ke tantance launi da kyamara, tana amfani da iska ta fyaɗe duk ƙwayar da launinta ya bambanta, shi ya sa tasu ke fita fes kamar 'yar waje. Kuɗin wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya irina. In da za mu haɗu mu goma mu sayi ɗaya, da na sa hannu gobe.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Buhuna yanzu ba a taya shi da farashin mai tsakuwa, kuma 'yan sari biyu sun fara cewa a ɗinka musu da sunan wurina a jiki. Na kuma lura yawancin tsakuwar daga shanya take shiga, don a gefen titi matan ke baza gumin. Na saya musu tamfol, ina tara kuɗin dandamalin siminti kafin kaka.

Hajiya ta dawo a watan azumi. Ta buɗe buhu da kanta, ta ɗebo a tafin hannu ta daɗe tana bazawa da yatsa, sannan ta ce a loda mata biyar.