Soket ɗin da na tarar a gefen batirin babur ɗina da wahalar da cajar waya ta jawo mini

Na fi shekara ɗaya ina hawan babur ɗin nan, ɗan China ne mai inji 125 irin wanda ya cika unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi, ƙasar Ghana, kafin na lura da wani farin soket da ke rataye a bayan murfin gefe, daf da batir. Ramuka tara ne a jikinsa, wayoyi sun shiga ta baya, amma ba a jona masa komai ta gaba ba, kuma ƙura ta riga ta toshe bakinsa. Ranar da na fara ganinsa na zaci wani abu ne ya cire ya faɗi a hanya, sai na gwada fitila da sigina da oda da sitata na ga kowanne yana aiki, don haka na mayar da murfin na bar shi. Abin da ya sa na sake tunawa da shi shi ne matsalar waya. Sana'ata kai zare da zif da sauran kayan ɗinki ga teloli, daga Alabar nake ɗauko kaya in zaga Aboabo da Sawaba da Tafo, kuma duk cinikin a waya yake tafiya, daga kira har biyan kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Idan wayar ta mutu da la'asar, to kasuwar ranar ta tashi ke nan. Shi ya sa na sayi cajar babur mai ramin USB biyu, irin wadda ake ɗaurewa a kan hannu, mai ɗan gilashi da ke nuna ƙarfin batir da jan rubutu. 

Wani matashi mai gyaran wutar babur da ke da rumfa a bakin titi kusa da mu na kai wa aikin. Na nuna masa soket ɗin na tambaye shi ko na mene ne, ya ce mini, "Alhaji, wannan banza ne, kamfani ne kawai ke sa shi, amma akwai wuta a ciki." Bai ɗauko mita ba, bai ɗauko ko ƙwan gwaji ba. Reza ya sa ya fere jar waya a bayan soket ɗin, ya fere koriya, ya murɗa wayoyin cajar a kansu da yatsa, ya naɗe da baƙin tef, sannan ya ja wayar ta ƙarƙashin tanki ya fito da ita ta wuyan babur zuwa hannu. Duka aikin bai kai minti 15 ba. Gilashin ya kama, wayata ta fara caji, na biya shi na tafi ina murna. Na lura cewa ko na zare makulli gilashin ba ya mutuwa, na kuma koma na gaya masa washegari, ya ce wannan ɗan haske ba ya cin komai.

Makonni uku na farko na ji daɗin cajar sosai, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Waya tana cika kafin in gama zagayen safe, har na daina yawo da fawa banki a aljihu, na kuma tallata ta ga mutum biyu a kasuwa. Sai tafiya ta kama ni zuwa Tamale ta'aziyya, na kwana shida, babur yana ajiye a zaure. Da na dawo na danna sitata, sai ƙas-ƙas kawai nake ji, oda ma da ƙyar take fita. Na yi ta buga kik har ya tashi, na ɗora laifin a kan batir ina cewa ya tsufa, alhali bai kai wata takwas ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a watan Yuni, tsakiyar damina. Na je Tafo ɗauko ɗana mai shekara 9 daga gidan yayata bayan sallar isha'i, muna dawowa aka kece da ruwa. Mun wuce Krofrom muna gangarowa wajen shataletalen filin jirgi, na karya kan babur hagu don in kauce wa wani rami, sai komai ya ɗauke lokaci ɗaya. Inji ya mutu, fitilar gaba ta mutu, ta baya ta mutu, jan rubutun cajar ma ya ɓace, kuma na ji ƙaurin roba yana tasowa daga wajen tanki. A tsakiyar titi muke, cikin duhu, ruwa yana zuba, motoci na tahowa a bayanmu ba su ganin mu. Wani mai pragya, wato keke mai ƙafa uku na fasinja, ya taka birki har ƙafafunsa suka ja a ƙasa, ya tsaya bai fi taku biyu tsakaninsa da ƙafar yaron ba. Yaron ya ƙanƙame rigata yana cewa, "Baba, mu sauka, Baba, mu sauka," jikinsa yana rawa, kuma har yau idan na tuna muryarsa a daren nan sai raina ya ɓaci. Na sauke shi na tura babur ɗin gefe, na buga kik ya fi sau ashirin bai ko yi tari ba. Wani bawan Allah da ya fake a rumfar mai shayi ya haska mini da wayarsa muka buɗe murfin gefe, muka tarar fiyus ɗin batir ya ƙone ƙurmus. Ya ba ni shawara in naɗa takardar azurfa ta kwalin sigari a madadinsa in lallaɓa zuwa gida, na ƙi, domin ƙaurin da na ji ya ishe ni sanin cewa akwai wayar da ke taɓa ƙarfe a wani wuri. A aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka ɗauko mu da babur ɗin zuwa Aboabo, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mun jiƙe sharkaf, yaron kuma ya kwana biyu da zazzaɓi.

Washegari maƙwabcina, wanda makanike ne a Suame Magazine, babbar unguwar makanikai ta Kumasi, ya haɗa ni da wani dattijo mai aikin wuta a can cikin Magazin. Wurinsa ba shi da girma, benci ne guda da akwatin katako da tarin tsofaffin wayoyin babura a rataye a ƙusa. Kafin ya taɓa komai sai da ya sa na ba shi labari tun daga farko. Ya cire tanki, ya bi wayar cajar da yatsa a hankali har zuwa wuyan babur, ya ce, "Ɗana, zo ka gani da idonka." A daidai wurin da ƙarfen da ke tare kan babur yake bugawa idan an karya hagu, wayar ta matse, robarta ta cinye, jan ƙarfen cikinta ya fito fili ya yi baƙi. Duk juyin da na yi cikin makonnin nan ƙarfen yana cin ta kaɗan-kaɗan, har ranar da ta taɓa jikin babur. Tun da an ɗauko ta kai tsaye daga jar waya ba tare da nata fiyus ba, babban fiyus mai am 15 ne ya ɗauki dukan, kuma irin babur ɗina daga batir akwatin tartsatsinsa yake shan wuta, shi ya sa inji ya mutu tare da fitilu.

Daga nan ya juya kan soket ɗin, kuma a wannan wuri ne na ga bambancin mai sana'a da mai neman kuɗin abinci kawai. Ya busa ƙurar, ya dubi launin wayoyin, ya ce na ƙararrawar ɓarayi ne, wato alam mai rimot, kamfani yana barin sa a shirye domin wanda ke son sakawa daga baya. Ya nuna mini hujjarsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai ruwan lemo da shuɗiya mai haske, su ne na siginar hagu da dama, domin alam yana ƙyafta su idan an kulle. Akwai rawaya mai ratsin ja da ke zuwa sitata, saboda tayar da inji da rimot. Ja daga batir take, koriya ita ce ta jikin babur, baƙa kuma ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ya ce yawancin baburan China tsarin launin Honda suka bi, amma duk da haka shi ba ya yarda da launi sai mita ta tabbatar, domin ya sha buɗe babur ya tarar wani ya riga ya sauya wayoyin. Ya saka sabon fiyus bayan ya raba wayar da ta ƙone, ya kafa baƙin tsinken mita a koriya, ya sa ja a ramin jar waya, mita ta nuna volt 12 da ɗoriya alhali makulli yana hannuna. Ya koma ramin baƙar waya, mita ta tsaya a sifili. Ya ce in murɗa makulli, nan take ta hau 12, na kashe ta koma sifili. Da muka tayar da inji ya ɗan ja mai, sai ta haura 14 kaɗan, ya ce rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir, lafiyarta ƙalau. Ya kuma gargaɗe ni cewa a babura da yawa rawayar wayar da ke zuwa fitilar gaba wutar koyil ce kai tsaye, mai hawa da sauka da gudun inji, wanda ya jona caja a kanta zai iya ƙona cajar har da wayar da ke jikinta.

Sai na tambaye shi batun batir, na ce, "Baba, ko kuna ganin tsufa ya yi?" Bai amsa da baki ba. Ya jera mita tsakanin batir da cajar, ba waya a jikinta, ya nuna mini tana jan miliam 25 haka kawai saboda gilashin da kayan cikinta. Ya yi lissafin a bayan kwali: cikin awa 24 ya zama miliam 600, cikin mako guda ya haura am 4 tunda miliam dubu ne am ɗaya, batirina kuwa gaba ɗayansa mai am 7 ne. Kwana shidan da na yi a Tamale sun isa su kwashe rabinsa, kuma batirin babur idan ya sauka ƙasa sosai aka bar shi a haka ba ya komawa yadda yake. Hakan kuwa aka yi, domin bayan wata guda dole na sayi sabo.

Gyaran da ya yi mini ya ɗauki kusan awa biyu. Ya tono cikin tsofaffin wayoyinsa ya samo kishiyar soket ɗin, namijin da ke shiga cikinsa daidai, ya bar fil biyu kawai, na baƙa da na koriya. Ya haɗa wayoyin da dalma, ya sa ɗan fiyus mai am 3 a kan baƙar tun daga kusa da soket, ya zura wayar cikin bututun roba, ya bi da ita tare da sauran wayoyin babur ta inda kamfani ya bi da nasa, ya bar mata sassauci a wuya. Ya karya kan babur hagu da dama har ƙarshe sau da yawa yana kallo kafin ya mayar da tanki. Wurin da matashin nan ya fere ma ya gyara ya rufe. Ya yi mini bayanin cewa caja tana sauke volt 12 zuwa 5, kuma ko waya tana jan am 2 a wancan gefe, abin da ake ɗauka daga babur bai wuce am 1 ba, don haka baƙar wayar za ta ɗauka ba tare da zafi ba. Amma ya ce idan wata rana na so ƙara manyan fitilu, kada in ɗora su a nan, sai an sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, an ɗauko wutar daga batir da nata fiyus. Kuɗin da ya karɓa bai kai rabin abin da na ba mai aboboya a daren nan ba.

Da na fara wannan rubutu niyyata in ce cajar ba ta da laifi, mai sakawa ne ya cuce ni, amma da na sake duba kwalinta sai na ga ba zan iya wanke ta gaba ɗaya ba. Ba fiyus a cikin kwalin, ba makunni a jikinta, ba ko layi ɗaya da ya ce a jona ta bayan makulli, ga wayarta siririya da robar da farce ma yana iya ferewa. Wanda ya sayar mini da ita da bakinsa ya ce a haɗa ta da batir kai tsaye, kuma na tabbata haka yake gaya wa kowa. Murfin robar da ke rufe ramukan ya tsinke tun kafin ta cika wata biyu, yanzu idan hadari ya taso sai in ɗaura mata leda, ramin dama kuma ya fara tsatsa yana yanke caji idan na shiga gargada. An rubuta cewa tana caji da sauri, amma idan na sa waya biyu sai dukansu su koma tafiyar hawainiya. Mutum biyun da na tallata wa ita na bi su har shagunansu na gaya musu abin da ya same ni, ɗaya daga cikinsu muka buɗe nasa muka tarar shi ma a jar waya aka ɗaura masa, ba fiyus, na kai shi wurin dattijon da kaina.

Matashin kuwa na koma wurinsa da guntun wayar da ta ƙone na ajiye masa a kan benci. Ya ce ruwan sama ne ya jawo, shi kullum haka yake sakawa ba wanda ya taɓa dawowa. Ban nemi ya biya ni komai ba, abin da na so kawai shi ne ya ce zai sayi mita ya riƙa gwadawa, amma bai faɗa ba, kuma wannan ya fi kuɗin batirin yi mini ciwo, domin har yanzu babura suna tsayawa a rumfarsa kullum.

Wata huɗu ke nan da gyaran Magazin. Ina zare makulli gilashin yake mutuwa, babur ya kwana biyar a ajiye ya tashi da dannawa ɗaya, ɗan fiyus ɗin bai taɓa ƙonewa ba. Cajar dai zan sauya ta da zarar na samu mai makunni da murfi mai ƙwari, kuma wannan karon zare soket kawai za a yi a mayar da wani. Sauran ramuka bakwai na soket ɗin suna nan a rufe, dattijon ya ce idan na tashi saka alam in kawo masa ya raba mini baƙar wayar gida biyu.