La Follia ta Corelli da ta Geminiani: wanne ne na asali?

Hajiya, kin tambaya a zauren nan cewa kin ci karo da La Follia kashi biyu, ɗaya da sunan Corelli, ɗaya da sunan Geminiani, kuma kunnenki ya ce miki kiɗa ɗaya ne. Wa ya ɗauka daga wa, kuma da wanne za ki fara?

Kunnenki bai yi ƙarya ba. Arcangelo Corelli ne ya riga. A Rum ya fitar da sonata 12, wato kiɗan makaɗa ƙalilan, na gogen Turawa a 1700, La Follia ce ta ƙarshe a cikinsu. Shi ma ba shi ya ƙirƙiri karin ba: tsohon kiɗan rawa ne daga yankin Fotugal da Sifen, sunan ma hauka yake nufi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki ɗan gajeren karin nan ya juya shi sau 23, kowane juyi da kalarsa. Francesco Geminiani kuwa almajirinsa ne, haifaffen Lucca ta Italiya a 1687, ya koma Landan a 1714. A can ya mayar da sonatocin malaminsa zuwa concerto grosso, wato kiɗan taron makaɗa, shida na farko a 1726, sauran a 1729. Ba sata ba ce, sunan Corelli na nan a bangon ɗab'in.

A wajen Corelli goge ɗaya ne tal ke magana, sai mai kaurin murya da ke tallafe da shi daga ƙasa, selo ko hafsikod, wato magabacin fiyano. Babu wurin ɓuya. In mai goge ya yi tuntuɓe kowa zai ji, in ya yi kyau ma nasa ne shi kaɗai. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda gogen ke lafawa, selo ya karɓe gudun, kamar mutum biyu da suka daɗe da sanin juna suna musu ba tare da ɗaga murya ba.

Geminiani ya tara jama'a. Ya raba makaɗa gida biyu: 'yan gaba su huɗu, goge biyu da biyola (goge mai ɗan kaurin murya) da selo, sai babban rukuni a bayansu masu shigowa kamar 'yan amshi. Sa biyola cikin 'yan gaba ƙari ne da ya yi, domin a concerto grosso na Corelli kansa su uku ne kawai. Karin da zubin ya bar su kusan yadda ya same su, amma ya ba goge na biyu abin faɗa, ya cike gurbin da ke tsakanin sama da ƙasa. Shi ya sa ƙarshen nasa ke saukowa kamar ruwan Agusta. Ingila a lokacin ta kamu da son Corelli, ƙungiyoyin makaɗa na sha'awa suna neman abin da za su buga a taru, shi kuma ya ba su.

Akwai abin da aka rasa dai. Wasu juye-juyen masu sanyi, da taro ya shiga, sai kaɗaicin nan mai sosa zuciya ya ragu.

Ni dai, Hajiya, ki fara da Corelli, da daddare in gida ya yi shiru, kowanne bai wuce minti 12 ko makamancin haka ba. Ki saurare shi sau biyu har karin ya zauna miki, sannan ki kunna Geminiani ki bi sawun biyolar.