Jirgin tsibirin Gore da 'yan rakiyarsa: abin da kuɗinka zai saya maka

Jirgin da ke kai mutane tsibirin Gore yana tashi daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, dab da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mutanen gari suna ce masa shalub. Jirage biyu ne aka fi sani da wannan aiki, Coumba Castel da Beer, kuma Beer shi ne sunan tsibirin a bakin Wolofawa tun kafin Turawa su raɗa masa nasu. Tafiyar ba ta wuce minti 20, nisan kuwa kamar kilomita uku.

Jirgin kansa ba shi da abin kushewa sosai. Yana tashi kan lokaci, kuma a cikinsa ne mazauna tsibirin ke jigilar buhunan shinkafa, tukwanen gas da 'yan makaranta. Inda ake shan wuya shi ne wurin yankan tikiti. Kuɗin hawa-hawa ne: mazaunin Senegal na biyan mafi ƙanƙanta, wanda ya zo daga wata ƙasar Afirka ya biya tsaka-tsaki, wanda ya fito daga wajen nahiyar kuma ya biya mafi tsada, zuwa da dawowa. Sai ka nuna fasfo ko katin shaida kafin a ba ka rangwame, don haka ɗan Najeriya ko Nijar da ya bar takardarsa a masauki ya jawo wa kansa asara, wani lokaci ma masu tsaron ƙofa su hana shi shiga. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji. Ka iso da saura minti 30 ko 40, musamman Asabar da Lahadi da lokacin da makarantu ke kawo ɗalibai, domin idan jirgi ya wuce ka, zaman awa guda ko fiye ya kama ka.

Saman jirgin a buɗe yake, akwai iska da rana. Mai jin jiri ya zauna a ƙasa, ta tsakiya. Tun a cikin jirgin mata 'yan kasuwa za su matso, su tambayi sunanka, su faɗa maka nasu, su ce ka leƙo rumfarsu. Ba sa mantuwa. Bayan awa uku za ka ji an kwaɗa maka kira da sunanka daga wani lungu, saboda haka kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba.

Da ka sauka akwai ɗan ɗakin da ake karɓar harajin gari, a ba ka rasit. A nan ne 'yan rakiya ke tare baƙi, kuma a nan ake yin kuskuren da ke ɓata ranar gaba ɗaya. Ka nemi mai katin shaidar aiki. Ku daidaita kan abu uku kafin a ɗaga ƙafa: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na ayari, awa nawa, kuma wurare nawa. In ba haka ba, za a kai ka Gidan Bayi, a zaga da kai wurin masu zane da yashi inda ɗan rakiyar ke da la'ada, a ce an gama. Yawancinsu Faransanci suke yi, masu Ingilishi ba su kai su yawa ba, kuma gara ka gwada mutum da tambaya biyu kafin ka amince.

Gidan Bayi shi ne abin da ke kawo kowa. An gina shi wajajen 1776, aka mayar da shi gidan tarihi a 1962 bisa ƙoƙarin Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi har rasuwarsa a 2009. Da ka shiga tsakar gida sai matakala biyu masu lanƙwasa su tare maka ido, a tsakaninsu wani siririn lungu mai duhu ya miƙe zuwa ƙofar da ke kallon teku, wadda ake ce wa ƙofar da ba a dawowa. A ƙasa ɗakuna ne ƙanana, na maza daban, na mata daban, na 'yan mata, na yara, da wani kurkuku a ƙarƙashin matakala wanda babba ba ya iya miƙewa a ciki. Iskar wurin danshi ne da gishiri. A saman waɗannan ɗakuna, kan katako, iyalin attajirin gidan suke zaune, kuma yau an jera mari da sarƙoƙi a can. Ka ba wurin lokacinsa. Idan ayari ya cika shi, ka dakata su fita, domin ba wurin da za a gani a guje ba ne.

Aibin da nake gani a wurin 'yan rakiya da yawa shi ne zuzuta alƙaluma. Za ka ji ana cewa miliyoyin mutane sun bi ta wannan ƙofa. Masana tarihi, ciki har da Philip Curtin, sun nuna cewa waɗanda aka kwasa daga Gore ba su kai kusa da haka ba, kuma tashoshi irin su Wida a Benin da Luwanda a Angola sun fi ta nesa ba kusa ba. Tsibirin da tsawonsa mita 900 ne, faɗinsa kamar 300, ga ƙarancin ruwan sha, ba zai iya ɗaukar wannan adadi ba. Gaskiyar ba ta rage wa wurin nauyi da komai. An tsare mutane a nan, an sayar da su, har Faransa ta haramta bauta a 1848. Ɗan rakiya na ƙwarai zai faɗa maka haka da bakinsa.

Wanda ya tsaya a Gidan Bayi kawai ya bar rabin Gore a baya. Ɗan Fotugal Dinis Dias ya iso nan a 1444, 'yan Holan suka ba tsibirin sunan da yake amsawa yau, Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ta riƙa karɓewa tana mayarwa har 1817. Duk wannan yana shimfiɗe a gidan tarihin da ke cikin ganuwar d'Estrées, zagayayyen ginin da jirgi ke kewayawa kafin ya tsaya. Ka sa a nuna maka tsohuwar makarantar William Ponty, wadda ta zauna a nan daga 1913 zuwa 1937, inda Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa da Modibo Keita na Mali da Diori Hamani na Nijar suka yi karatu. A nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar Faransa, a 1914. Akwai cocin 1830, akwai masallacin dutse na 1890 a gindin tudun Castel, a bakin ruwa, mai son sallar azahar zai samu wuri. A kan tudun kuma manyan bindigogin Faransa na nan sun yi tsatsa, daga can kana hango Dakar tsaf.

Babu mota ko ɗaya a tsibirin. Tituna yashi ne da dutse, sai takalmi mai taushi. Mazauna ba su kai 2,000 ba, kuma gidajen da kake ɗauka hoto gidajen mutane ne, da shanyarsu da awakinsu, sai ka yi sallama ka nemi izini. Tun 1978 UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya, amma teku na cin gaɓa, kuma za ka ga gine-ginen da gishiri ya zubar musu da yaɓe.

Gidajen abincin bakin tasha suna da cebujen, wato dafa-dukan shinkafa da kifi, da yasa, wato miyar albasa da kifi ko kaza, farashinsu ya ɗara na cikin Dakar tunda komai ta jirgi yake zuwa. Ka tambayi kuɗin faranti kafin a zuba.

Kada ka je ranar Litinin, Gidan Bayi a rufe yake, kuma sauran ranakun ma ana rufe shi da tsakar rana sai bayan ƙarfe biyu. Jirgin safe tsakanin Talata da Alhamis ya fi: ka shiga gidan kafin cunkoso, ka hau tudu kafin rana ta take, ka ci abinci lokacin da aka rufe gidajen tarihi. Ka ɗauki hoton jadawalin komawa tun a Dakar, ka kuma tsaya a layi da wuri, domin jiragen bayan la'asar su ne kowa ke rububi.