The Black List: dala 260 na kashe a karanta min sikirif, ga abinda na samu

Wata bakwai cur sikirif ɗina, wato rubutaccen labarin fim, yayi a hannun wani furodusa anan Kano, ba zan kama suna ba, duk sanda na kira sai yace ai yana nan kan tebur insha Allahu cikin satin nan zai duba, ranar da na gaji na tafi ofishin da ƙafata sai na tarar da ambulan ɗin a ƙarƙashin wasu takardu ko buɗe bakinsa ba'a yi ba. Wallahi ranar jikina yayi sanyi sosai, don shekara biyu na ɗauka akan labarin nan. A hanyar komawa gida na yanke shawarar zan nemi inda ko da kuɗina ne wani zai zauna ya karanta daga shafin farko har na ƙarshe ya faɗa min gaskiya, haka na faɗa hannun The Black List, wani shafin intanet na Amurka da ake biya a karanta maka sikirif.

Labarin nawa na wani direban tirela ne da yaron motarsa ya rasu a Legas aka binne shi acan, shi kuma ya ɗauko 'yar jakar kayan yaron zai kaiwa mahaifiyarsa a wani ƙauye wajen Daura, kuma shine zai fara faɗa mata. Da Hausa na fara rubutawa, daga baya na zauna wajen wata biyar na maida shi turanci saboda su da turanci suke karantawa, ya tashi shafi 104.

Bari in fara warware wani abu da mutane da yawa suke haɗawa, don nima da farko haka na ɗauka. The Black List abu biyu ne. Akwai jerin shekara shekara da wani baƙar fatar Amurka Franklin Leonard ya fara a 2005 lokacin yana aiki a kamfanin fim na Leonardo DiCaprio, ya turawa ma'aikatan kamfanonin fim imel yace kowa ya faɗi sikirif ɗin da yafi burge shi a shekarar wanda ba'a riga an yi fim ɗinsa ba, ya haɗa ƙuri'un ya fitar. Har yanzu duk watan Disamba ake fitarwa, kuma finafinai irinsu Slumdog Millionaire da The King's Speech da Argo da Spotlight duk sun bi ta cikin jerin kafin su ci Oscar. To wannan jerin ba'a sayen shiga, 'yan industirin Hollywood ne suke zaɓe a tsakaninsu. Sai kuma shafin intanet ɗin da suka buɗe a 2012, shine wanda ni da kai zamu iya biya mu saka namu. Don haka wanda yace maka ya saka sikirif a Black List ba yana nufin ya shiga wancan jerin bane, a kula da wannan.

Dalilin da yasa irin wannan shafin yake da kasuwa kuwa, acan Amurka manyan kamfanoni basa karɓar sikirif daga hannun wanda basu nema ba, ko ka tura dawo maka dashi za'a yi ba'a buɗe ba, tsoronsu kar gobe su fitar da fim mai kama da naka ka maka su a kotu kace sata aka yi. Dole sai ta hannun ejan, wato wakilin marubuci mai nema masa ciniki, ko manaja, ejan ɗin yana cire kashi 10 cikin ɗari na cinikin, shi kuma ejan baya kula ka sai wani ya yabe ka a wajensa. Kaga sabon marubuci ya rasa ta inda zai shiga kenan. Shafin ƙoƙarinsa ya zama ƙofar.

Buɗe akawun ba wahala. Zaka ɗora sikirif ɗin a PDF, ka rubuta abinda suke kira loglayin wato jimla ɗaya ko biyu da ta ɗauke labarin gaba ɗaya, ka zaɓi nau'in fim ɗin. Amma fa tsarin rubutun ya zama irin nasu, harafin Courier lamba 12, kowane sin, wato fitowa, da kanunsa a sama, maganar ɗan wasa a tsakiya, yadda shafi ɗaya zai tashi kusan minti ɗaya a allo, fim cikakke kuma tsakanin shafi 90 zuwa 120. Ba sai ka sayi Final Draft, manhajar rubuta sikirif ta kuɗi, ba, ni da manhajar kyauta nayi nawa kuma ba wanda yayi ƙorafi akai. Lokacin da na biya, ajiye sikirif a shafin dala 30 ne duk wata, karatu ɗaya kuma dala 100, a canjin da na samu zagaye ɗaya na dala 130 ya tasamma naira dubu 200. Katin bankina ma ƙin tafiya yayi sai da wani ɗan uwana dake waje ya biya min na tura masa naira. Abu ɗaya da na yaba tun a nan, labarinka naka ne, basa karɓar haƙƙin mallaka kuma in Allah yasa ka sayar basa cire ko sisi.

Kwana 12 sakamakon ya shigo. Suna bada maki daga 1 zuwa 10 akan tushen labarin, da yadda ya tafi, da mutanen ciki, da maganganu, da muhallin da labarin ya faru, sannan maki na gaba ɗaya. A ƙasa kuma rubutu kashi uku, inda sikirif ɗin yayi ƙarfi, inda yayi rauni, da kuma yadda suke ganin kasuwarsa. Ba'a faɗa maka sunan wanda ya karanta. Ni 6 na samu.

Gaskiya na ji zafi, kwana biyu ban sake buɗewa ba. Da na huce na dawo na karanta a tsanake sai naga mutumin nan ya karanta fa, ba leƙe yayi ba, don yana kawo abu da lambar shafinsa, har wani ƙaramin sin a tashar mota a Tegina da nake ganin ba wanda zai lura dashi ya ambata yace anan ne ya fara jin tausayin direban. Shekara biyu ina bin mutane su karanta, 'yan uwa suce masha Allah yayi kyau, abokai suce ai wannan sai Netflix, amma ba wanda ya taɓa ce min shafi kaza ga matsalarsa. Wannan kaɗai ya sa na daina jin ciwon kuɗin.

Abu uku ya kama ni dasu. Na farko yace shafi ashirin na farko basa motsi, mutane suna ta gaisawa labari yana tsaye. Na koma na ƙirga, wallahi gaskiyarsa, sin huɗu a jere duk da ina kwana ina gajiya ya iyali ya aiki suka fara, a bakinmu wannan ladabi ne kuma ko a fim ɗin Hausa kunne baya jin nauyinsa sosai, amma a takarda da turanci sai ya cinye rabin shafi ba abinda ya faru. Na biyu yace direban abubuwa ne kawai suke faruwa dashi, shi baya yanke komai sai can wajen shafi na 40. Shima haka ne, na mayar dashi ɗan aike kawai.

Na ukun shine wanda ya hana ni barci. Yace uwar yaron bata yi masa kama da wadda aka yiwa rasuwa ba, ta karɓi jakar tace Allah ya jiƙansa ta tashi ta ɗora wa baƙo ruwa, ko sunan ɗan bata kira ba har fim ya ƙare, yace sai yaji kamar ba ta damu ba kuma duk tafiyar da aka sha daga Legas ta tashi a banza. Da farko nace a raina ai wannan bai san mu bane, yaron ɗan fari ne, wace uwar ce a ƙauyen Daura zata kama sunan ɗanta na fari a gaban baƙo balle ta fashe da kuka, kunya da kara sune suka riƙe ta kuma duk Bahaushen da ya kalla zai gane cewa wannan shirun nata yafi kuka ciwo. Amma da na sake dubawa sai na tambayi kaina, to a ina na nuna haka a takardar? Babu. A kaina abin yake, na ɗauka kowa ya sani. Kuma ko a gida ma yaran da suka tashi a birni yanzu ba duka ne suka san uwa tana ɓoye sunan ɗan fari ba. Mai karatu abinda ke kan shafi yake gani, kuma a kan shafin uwar tawa fayau take ba komai.

Sai na zauna wata uku ina gyara. Na yanke gaisuwar na bar guda ɗaya tak inda take da aiki, wato inda direban yake ta jan gaisuwa da uwar saboda ya kasa fara faɗin abinda ya kawo shi. Na sa tun a Legas shi da kansa ya ƙi yarda a sanar da ita ta waya, ya ce shi ya ɗauko yaron daga gabanta shi zai koma gabanta. Uwar kuma na saka sin tun kafin labari ya iso inda take kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da sunansu tana raba musu aiki, da ta zo kan babban sai tace wancan na Legas ɗin, ƙaramar ta tambaye ta me yasa shi kaɗai bata faɗin sunansa, kishiyarta ta ce ke ba'a tambayar wannan. Sannan da daddare bayan kowa ya kwanta ta buɗe jakar ta ɗauko hularsa ta riƙe, bata ce komai ba. Na sake biyan dala 130, wani mai karatun daban ya bani 7, kuma wannan sin ɗin na hula shi ya fara yabawa.

To maganar sayarwa fa, don nasan ita kowa yake jira. Ban sayar ba, ba wanda ya tuntuɓe ni. A wajensu maki 8 ne yake buɗe ƙofa, wanda ya samu 8 ko sama suna tallata sikirif ɗinsa ga 'yan industirin da suke da rajista dasu kuma suna ƙara masa karatu da lokacin ajiya kyauta, 6 da 7 kuwa kana cikin taro ne kawai. Akwai waɗanda ta nan suka samu manaja har aka yi fim ɗinsu, amma su kansu masu shafin basu taɓa yiwa kowa alkawarin ciniki ba, karatu suke sayarwa kuma karatun suka bani. Wani amfanin kuma, gasar rubutun sikirif ta Nicholl ta masu bada Oscar wadda ake yi tun 1986 ana ba waɗanda suka ci dala dubu 35 kowanne, daga 2025 ta hanyar wannan shafin mutanen gari suke shigarta.

Inda nake jan kunnen 'yan uwa marubuta shine maki ra'ayin mutum ɗaya ne, wani zai baka 5 wani ya baka 7 akan abu ɗaya, kuma akwai jarabar ka dinga sake biya kana fatan wannan karon 8 zata faɗo ba tare da ka taɓa rubutun ba. Da kuɗinmu na naira wannan hanya ce ta talaucewa, don Allah kar a yi. Sannan ɓangaren kasuwa da suke rubutawa da idon kasuwar Amurka suke dubawa, labarin da duk mutanensa Hausawa ne a hanyar Legas zuwa Daura dole zasu ce maka ƙaramin fim ne na bukukuwan finafinai, wannan ba aibu bane, haka kasuwarsu take. In zan basu maki nima 7 zan basu, karatun yayi kyau sosai, tsadar ce take cire sauran.

Idan kuma burinka Kannywood ne, sikirif ɗinka da Hausa yake kana so ka ganshi a YouTube ko Arewa24, gaskiya ka riƙe kuɗinka. Anan ciniki da sanayya yake tafiya, ka san wani a Zoo Road ya haɗa ka da darakta, kuma yawanci ma furodusa ne yake zuwa da labarinsa ya ɗauki marubuci ya rubuta masa kashi kashi musamman yanzu da masu dogon zango suka cinye kasuwa, don haka abinda zai sayar da kai shine a ga ka iya tsara sin da magana kuma kana cika alkawarin lokaci. Naira dubu 200 ɗin nan gara ka tara marubuta uku da basa jin kunyarka ka basu su karanta ku zauna su yaga shi a gabanka, ragowar ka yi rajistar labarin a hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya don ka samu shaida a hannu kafin ka fara rabawa mutane.

Ni dai yanzu na cire sikirif ɗin daga shafin don bazan iya dala 30 duk wata ba. Na koma kan na Hausan na shigar da duk gyaran nan, ya sauko shafi 96, gaisuwa biyu na mayar ciki saboda kunnenmu yana buƙatarsu. Ranar Asabar zan kaiwa wani darakta, wannan karon da takardar yarjejeniya shafi ɗaya a saman ambulan ɗin wadda zamu sa hannu mu biyu, kuma tun a waya na faɗa masa bayan sati uku zan dawo in ji.